Gidan Buba Yero: Salsala a bakin jama'a, takardu a warwatse

A birnin Gombe, salsalar gidan sarauta abu ne da dattawa ke jerowa da ka. Modibbo Buba Yero, wanda ya karɓo tutar jihadi daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa masarautar, ya zauna a Gombe Abba har rasuwarsa a 1841. Ɗansa Muhammadu Kwairanga ya hau gado a 1844, ya shekara 38 yana mulki. Daga wannan tsatso ne Sarki na yanzu, Alhaji Abubakar Shehu Abubakar, ya fito, ya kuma gaji mahaifinsa Shehu Usman Abubakar a 2014.

Sai dai takardun da za su mara wa wannan salsala baya ba su taru wuri guda ba. Fadar kanta ta yi ƙaura sau biyu a zamanin Turawa: daga Gombe Abba zuwa Nafada a 1913, sannan zuwa Doma, inda birnin yake a yau, a 1919. Rahotannin da Turawan mulkin mallaka suka rubuta kan ƙasar suna cikin fayilolin Lardin Bauchi a Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. Rubuce-rubucen Larabci da na ajami kuwa, a Arewa yawanci gidajen malamai da alƙalai ne ke riƙe da su cikin gafaka da adaka, inda gara da yoyon damina ke cinye su sannu a hankali. Ko Ba'amurken manazarci Victor Low, da ya wallafa littafinsa kan masarautun Gombe da Katagum da Haɗeja a 1972, da tarihin baka ya fi dogara.

A Amurka, zuriyar John Adams, shugaban ƙasar na biyu, ta miƙa wasiƙu da kundayen gidan ga Ƙungiyar Tarihi ta Masacusets a 1956. Tun daga lokacin ake tace su ana bugawa, har ɗalibi ko'ina yake yana iya karanta su ta intanet.

Irin wannan aiki bai fi ƙarfin Gombe ba. Gidan Adana Kayan Tarihi hukuma ce ta tarayya, ga Arewa House a Kaduna, ga Jami'ar Jihar Gombe da Jami'ar Tarayya ta Kashere. Magada ba sa son rabuwa da gadon kakanni, kuma ba dole sai sun rabu da shi ba: ana iya zuwa har gida a ɗauki hoton kowace takarda, a rubuta bayaninta, a bar musu ta asali. Jami'an da ke tsara kasafi a Abuja su ne za su iya sama wa aikin gurbi, tun dattawan da suka san wane ne ya rubuta wace wasiƙa suna raye.