Gaskiya ko Jita-jita: Wai Boru Ba Ya Kisa?

A kara ko a bakin mashaya, in aka ce boru ya shiga garken wane, ba ka ganin hankali ya tashi kamar yadda yake tashi in an ambaci ciwon huhu. Abin da za ka ji shi ne, “Ai boru ba ya kisa, mako biyu ne ya wuce.” Wannan ciwo na baki da kofato ya daɗe tare da mu har ya zama ɗan gida. Tun 1924 aka fara rubuta ɓullarsa a Nijeriya, kuma har yau bai bar mu ba. Maganganun da ake yi a kansa kuwa, wasu gaskiya ne, wasu rabin gaskiya, wasu kuma jita-jita ce tsagwaronta.

Mu fara da babbar. Mai cewa boru ba ya kisa yana da hujja in manyan shanu yake nufi. Hukumar Kula da Lafiyar Dabbobi ta Duniya, mai hedikwata a Paris, ta ce mutuwa a cikin manyan dabbobi takan tsaya tsakanin kashi 1 zuwa 5 cikin ɗari. Saniya ta yi zazzaɓi, bororo ya fito mata a harshe da dasashi da tsakanin kofato da kan nono, ta yi ta dalalar da yawu, ta yi ɗingishi, bayan mako biyu ko uku ta miƙe. Amma a maruƙa da 'yan raguna labarin ya sha bamban. Mutuwa a cikinsu takan kai kashi 20 cikin ɗari, wani lokaci ta zarce, domin ƙwayar cutar kan tafi kai tsaye ta kama naman zuciya. Maraƙin da ya sha nono lafiya da yamma sai a wayi gari a tarar da shi a mace, ko ƙurji ɗaya babu a bakinsa. Da yake ba a ga alama ba, ba a ɗora wa boru laifin, sai a ce maciji ne, ko iska, ko ya ci wani abu.

Ita ma saniyar da ta miƙe ba ta koma yadda take ba. Nono ya ragu, sau da yawa ba ya dawowa daidai har sai wata haihuwar. Masu ciki kan yi ɓari. Wasu kuma sukan fito da kumburin hantsa ko lalacewar kofato, wasu su zauna da haki da rashin jure rana har ƙarshen rayuwarsu. Sai ka duba wanda asarar ta faɗa wa: matar da ke tallar nono da man shanu, wadda kuɗin cefanenta ya yanke, da manomin da shanun huɗarsa suka gurgunce daidai faɗuwar damina, lokacin da jinkirin mako biyu ke iya cinye amfanin shekara. Wani nazari da Knight-Jones da Rushton suka wallafa a 2013 ya ƙiyasta cewa ƙasashen da cutar ta zaune musu suna asarar dala biliyan 6.5 zuwa 21 kowace shekara. A ganina wannan magana ta “ba ya kisa” ita ce babbar garkuwar boru. Ciwon bushiya ya share garkuna, shi ya sa kowa ya tashi tsaye a kansa. Boru kuwa kamar gara yake ci, ba a ankara da ɓarnarsa sai an zo lissafi.

Akwai masu cewa yana kama mutane, har su kawo misalin ƙurajen da ke fito wa yara a baki da tafin hannu da ƙafa. Wannan jita-jita ce. Ciwon yaran wata ƙwaya ce dabam ke kawo shi, yaro daga yaro yake ɗauka, ba daga saniya ba. Mutum kan kamu da na shanun, amma da ƙyar, kuma ba ya tsanani. A Birtaniya rabon da a tabbatar da shi a jikin mutum tun 1966. Wannan dai bai zama izinin shan ɗanyar madara ba, domin tarin fuka da bakkale suna nan, su kuwa suna kama mutum da gaske.

To in ba ya kama mutane, me ya sa Birtaniya ta kashe dabbobi fiye da miliyan 6 a 2001, aka tara gawarwaki ana ƙonawa, har aka ɗage zaɓe daga Mayu zuwa Yuni? Dalilin kasuwa ne. Ƙasar da ba ta da cutar ba ta sayen nama ko dabba daga mai ita, saboda haka ranar da aka tabbatar da ɓullarta, ranar ƙofar fitar da kaya ke rufewa. Asarar ta kai kimanin fam biliyan 8. Mafarin abin wata gonar aladu ce a arewacin Ingila da ake ciyarwa da ragowar abincin da ba a dafa shi yadda doka ta ce ba. Amma waɗanda suka yaɗa cutar cikin ƙasa tumaki ne, ta kasuwannin dabbobi irin su Longtown, tun kafin kowa ya san ta shigo.

Wannan ya rusa wata maganar da ake yi, cewa boru ciwon shanu ne kaɗai. Duk dabba mai rababben kofato tana iya ɗauka: tumaki, awaki, aladu, ɓauna, barewa. Doki da jaki ba ruwansu, raƙuminmu mai tozo ɗaya shi ma bincike ya nuna da wuya ya kamu. Matsalar tumaki da awaki ita ce ba sa nuna ciwon sosai. Ɗan ɗingishi ne na kwana biyu, wanda mai su zai ɗauka ƙaya ce. Sai ka tuna yadda raguna ke kwarara daga Maigatari da Mai'aduwa da Illela zuwa Legas da Fatakwal gabanin Babbar Sallah, cikin tireloli da ba a wanke su tsakanin lodi da lodi. Ko saniya ma tana fitar da ƙwayar a yawu da nono kwanaki kafin bororo ya bayyana, kuma daga kamuwa zuwa bayyanar ciwo akan ɗauki kwana 2 zuwa 14. Dillalin da ya buɗe bakin bijimi ya ga tas, ya rantse maka lafiyarsa ƙalau, ba lallai ƙarya ya yi ba. Idonsa ne bai isa ya gani ba.

Sai batun magani. Allurar da aka fi rugawa a saya in boru ya faɗo ita ce ta oksitetirasaikilin, wadda ake kira LA, kuma da yawa za su ce ita ta warkar musu da shanu. Ba ta taɓa ƙwayar boru, domin bairos ce, magungunan kashe bakteriya ba sa aiki a kanta. Amfanin allurar shi ne hana miki ruɓewa bayan bororo ya fashe, saboda haka tana da wurinta in likitan dabbobi ya ga buƙata. Ɗirka wa garke duka ita ɓarnar kuɗi ce, ga ragowar magani a nonon da za a sayar wa jama'a. Wanke baki da kofato da ruwan gishiri ko na kanwa, da ba dabba abinci mai laushi da ruwa a kusa, ya fi yawan abin da ake kashe wa kuɗi amfani. Akwai kuma tsohuwar dabara ta shafa yawun mai ciwo a bakin masu lafiya don garke ya yi ciwon gaba ɗaya a huta. Manoman Turai ma sun yi haka a da. Tana gajarta lokaci, amma da rayukan maruƙa ake biya, kuma maƙwabta su sami rabonsu a mashaya.

“Na yi allurar rigakafi amma shanuna suka kamu, ashe ta bogi ce.” Mai wannan ƙorafi ba a kore shi ba, jabun magunguna suna yawo a kasuwa. Sai dai ko allurar ƙwarai tana iya gazawa. Boru ba iri ɗaya ba ne, iri bakwai ne: O, A, C, Asia 1, da SAT 1, 2 da 3. Nau'in C ba a sake ganinsa a duniya ba tun 2004. A Nijeriya an tabbatar da O da A da SAT 1 da SAT 2, kuma garkuwar da dabba ta samu daga ɗaya ba ta kare ta daga ɗayan, ko ta hanyar allura ta samu ko ta hanyar yin ciwon. Shi ya sa saniyar da ta yi boru bara take sake yi bana. Ƙarfin allurar kuma kimanin wata shida yake yi, sai an maimaita, sannan dole ta zauna cikin sanyin digiri 2 zuwa 8 ba tare da ta daskare ba. Kwalbar da ta yini a aljihu a kasuwar Potiskum cikin watan Afrilu ta gama aiki. Dattawan da ke tuna yaƙin da aka fara da ciwon bushiya a 1962 a Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi sukan tambaya me ya hana a yi wa boru haka. Bushiya iri ɗaya ce, allura guda tana kare dabba har ta mutu, da haka aka kai ga shelar kawar da ita daga duniya a 2011. Boru bai ba da wannan sauƙin ba.

Maganar da ta fi jan hankalin 'yan boko da jami'an gwamnati ita ce ta keɓe yankin da babu cutar, domin a riƙa fitar da nama waje. Akan ce Namibiya da Botswana sun yi, mu ma shinge kawai za mu ja. Gaskiya ne Namibiya tana da shingen da ya zarce kilomita 1,000, ya raba arewacin ƙasar da kudancinta, kuma naman kudu yana shiga Tarayyar Turai da Sin, a 2020 ma ya shiga Amurka. Amma shingen shi ne mafi arha a cikin aikin. Bayansa akwai lamba a kunnen kowace saniya, da rajistar mai ita, da takardar izini kafin a motsa dabba, da shingayen bincike a hanya, da gwajin jini a kai a kai. Hukumar ta Paris ba ta amincewa da yanki a matsayin wanda ya rabu da cutar ba tare da rigakafi ba sai ya nuna wata 12 babu ciwo kuma babu allura, sannan kowace shekara ya sake kawo shaida. Shingen kuma yana da waɗanda ya zalunta. Asalin layin na Namibiya tun zamanin mulkin Jamus ne, lokacin annobar bushiya ta 1897, kuma ƙananan makiyayan da suka faɗa arewa da shi an rufe musu kasuwa mai tsoka, har ɗan siyasa Job Amupanda ya kai ƙara kotu yana neman a tumɓuke shi. A Botswana, shingayen sun tare hanyar namun daji zuwa ruwa, suka mutu da yawa a farin shekarun 1980.

Kuma samun matsayin ba ya nufin an gama. Afirka ta Kudu ta rasa nata a Janairun 2019. Jamus, wadda rabonta da cutar tun 1988, ta wayi gari da ita a Janairun 2025 a wani ƙaramin garken ɓaunar gida kusa da Berlin, Hungary da Slovakiya suka biyo baya a Maris. Brazil kuwa ba da shinge ta yi nasara ba. Shekaru da dama ta yi tana yi wa shanu sama da miliyan 200 allura a kan kari, ta ga ɓullar ƙarshe a 2006, sannan sai a Mayun 2025 aka amince da ƙasar baki ɗaya ba tare da rigakafi ba.

A Afirka ta Yamma babu ƙasar da ke da wannan matsayi. Iyakar Nijeriya da Nijar kaɗai ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma yarjejeniyar ECOWAS ta 1998 ta halatta wa makiyayi ƙetare iyaka da garkensa in yana da takarda. Kiwonmu a kan tafiya ya ginu, rani a kudu, damina a arewa. Wanda ya yi alkawarin yanki marar boru cikin shekara biyu ko uku, siyasa yake yi. Hanyar da ta fi kusa da mu ita ce a tsare naman maimakon yankin: in aka bar nama ya kwana cikin sanyi bayan yanka, tsamin da ke tasowa a tsoka yana kashe ƙwayar, sai a cire ƙashi da kaluluwa inda take ɓuya. Wannan yana buƙatar mayanka ta zamani da wutar da ba ta ɗaukewa.

Kafin nan ma akwai abin da ya fi gaggawa, wato sanin wane iri ne ke yawo a ina, don a haɗa allurar da ta dace da shi. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Filato tana iya tantancewa, haka ɗakin gwajin Pirbright na Ingila da duniya ke aika wa samfuri. Amma sai an kai musu, kuma samfurin da ya fi amfani fatar bororo ce sabuwa, ta kwana ɗaya ko biyun farko. Makiyayi kuwa ba ya kai rahoto, domin bai ga abin da zai samu ba in ban da a hana shi shiga kara ba tare da diyya ba. Kafin labari ya isa ofishin malamin dabbobi, miki ya bushe, garken kuma ya yi gaba.