Daɗaɗɗen dutsen da ke ƙarƙashin Bodinga da Shagari

Mai haƙar rijiya a ƙasar Bodinga ko Shagari ya san ƙasa hawa-hawa take. Daga sama rairayi, sai jar marmara mai cinye bakin diga, sai yumɓu. In an nausa wajen Dange da Shuni, akan ci karo da farin dutse mai taushi, wanda in an fasa shi a ga kwanson katantanwa ko haƙorin kifi a ciki. Dalili kuwa, kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce teku ne shimfiɗe a nan, wani reshe da ya ratso Sahara. Farin dutsen da ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti, a gindin tekun nan ya taru, kuma cike yake da ɓawon wasu mitsi-mitsin halittun ruwa. A wajen Goronyo ma an tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku, har aka raɗa masa sunan garin, Goronyosaurus.

Shekara miliyan 60 kan sa mutum ya riƙe baki, amma wurin masana duwatsu jiya-jiya ne. Duk waɗannan hawa-hawa tabarma ce kawai aka shimfiɗa bisa daɓe. Daɓen yana can ƙasa, ya fi ƙarfin diga, kuma ba ya leƙowa sai an yi gabas zuwa Zamfara, wajen Maru da Gusau, inda manyan pa da duwatsu suke tsaye a fili.

Masana sun ƙiyasta shekarun duniya da kusan biliyan 4.54. Zamaninta na fari, wanda suke kira Hadiyan, na wuta ne: narkakken dutse da aman tsaunuka da ruwan duwatsu daga sama. Kusan babu abin da ya saura daga gare shi sai 'yan ƙwayoyin wani ma'adini mai suna zirkon, da aka tsinta a Jack Hills ta Ostireliya, masu shekara biliyan 4.4. Zirkon ɗin nan shi ne agogon masana. Sa'ad da yake daskarewa yakan kulle yuraniyom a cikinsa, shi kuwa yuraniyom yana rikiɗa zuwa darma sannu a hankali, bisa ma'aunin da ba ya sauyawa. In an auna yawan kowanne, sai shekarun su fito. Da wannan awo aka gano cewa wasu duwatsu a garin Kaduna sun kai shekara biliyan 3.5, wato suna cikin zamani na biyu, Arkiyan, wanda ya kama daga biliyan 4 zuwa 2.5.

A wancan zamani babu ciyawa, babu kifi, babu ko tsutsa. Iskar ma ba ta shaƙuwa, don babu oksijin a cikinta. Amma cikin ikon Allah akwai rai a ruwa: bakteriya da danginsu, masu ƙwayar halitta ɗaya tak, waɗanda dubunsu a jere ba su wuce kaurin tsinken tsintsiya ba. Sukan yi shimfiɗa mai yauƙi a bakin teku, laka ta manne musu, su hau bisa lakar su sake wata shimfiɗar, har abin ya zama tudun dutse mai zane-zane. An sami irin waɗannan tuddai masu kusan shekara biliyan 3.5 a Pilbara ta Ostireliya, an kuma sami alamun rai masu kusan wannan tsufa a Barberton ta Afirka ta Kudu. A tsofaffin duwatsun Najeriya kuwa neman irinsu wahala ce, domin zafi da matsi na wani babban motsin ƙasa, shekara miliyan 600 baya, sun toye su sun murɗe.

Mu da muka saba jin bakteriya sai a bakin likita, ya kamata mu yi musu adalci. Wani jinsinsu, sayanobakteriya, shi ya fara haɗa hasken rana da ruwa ya yi abinci, ya saki oksijin. Da farko iskar ba ta taru ba, don narkakken ƙarfen da ke cikin teku ya yi ta shanye ta, yana zama tsatsa yana kwantawa a gindi. Haka aka samu dutsen ƙarfe mai ratsin ja da baƙi, kuma akwai irinsa a ƙasar Maru. Sai wajen shekara biliyan 2.4 baya oksijin ya soma zama a sararin sama. Dabbobi masu ƙwari da ƙashi ba su yawaita ba sai shekara miliyan 540 da suka wuce. Ashe kusan shekara biliyan 3 duniya na hannun halittun da ido ba ya gani.

Jinsin sayanobakteriya bai ƙare ba. Yana cikin gansakukar da ke rufe tafki da bazara, yana cikin baƙin ɓawon da kan lulluɓe saurar da ta huta, inda yake ɗaure rairayi ya rage wa iska kwasarsa, wasunsu ma su zuƙo naitirojin daga iska su ƙara wa ƙasa taki. Sai dai in ruwan tafki ko na bakin madatsar Shagari ya yi kore shar, ya yi kauri yana wari, a kau da dabbobi. Wasu sayanobakteriya na fitar da dafi mai lalata hanta, kuma tafasa ruwan ba ya kashe dafin.