Asirin Wa Shugaban Makaranta Yake Rufewa?

Akwai maganar da bangon ofishin shugaban makaranta ya sha ji fiye da kowace: "Don Allah a kashe maganar nan a nan." Ita ake faɗa wa uban da aka targaɗa wa ɗa hannu da dorina, ita ake faɗa wa malamar da ta ga abin da bai dace ba a ɗakin kwanan ɗalibai, ita kuma ake raɗa wa jami'in da hukumar jarrabawa ta turo sa ido, a haɗa masa da 'yar ambulan ta "kuɗin mota". Sau da yawa mai faɗar ta ba mugu ba ne. Dattijo ne da ya shekara talatin hannunsa na cikin alli, yana gudun kada sunan makaranta ya ɓaci, kuma a ransa abin da yake yi rufin asiri ne, halin da tarbiyyarmu ta ɗauka da daraja. Sai dai idan aka dubi nauyin da doka da amana suka ɗora wa shugaban makaranta a Najeriya, firinsifal ne ko hedimasta, za a ga mafi yawansa ya taru a wuri guda: me ya sani, kuma me ya yi bayan ya sani. A nan ne rufin asiri kan rikiɗe ya zama laifi.

Satar jarrabawa ce ta fi nuna wannan a fili, domin doka ta ambaci shugaban makaranta da sunan muƙaminsa. Dokar hana maguɗin jarrabawa mai lamba 33 ta shekarar 1999 ta raba masu laifi kashi-kashi. Ɗalibin da bai kai shekara 18 ba, idan aka same shi da laifin satar amsa, hukuncinsa tarar naira 100,000 ne, ko ɗaurin da bai wuce shekara uku ba, ko duka biyun. Amma idan mai laifin shugaban makaranta ne, ko malami, ko mai sa ido a zauren jarrabawa, ɗaurin shekara huɗu ne babu zaɓin tara. Kafin wannan, dokar soja ta 1984 ta yanka shekara 21, tsananin da ya sa kusan ba a iya aiki da ita ba. Abin lura shi ne yadda dokar 1999 ta fifita laifin babba a kan na yaro, kuma tana da hujja. Yaro shi kaɗai iyakarsa ya shigo da 'yar takarda a cikin safa. Kafin a rubuta amsa a kan allo, ko a zaunar da ɗan haya a kujerar wani, ko a tara kuɗi daga kowane ɗalibi don "a kula da baƙi", sai an bi ta hannun wanda ke riƙe da rajista, wanda ya tura sunaye da hotuna zuwa WAEC ko NECO, wanda ya sa hannu a kan makin gwaje-gwajen cikin aji. Makarantun nan da ake kira "mirakul senta", inda wanda bai iya haɗa jimla ba kan fito da sakamako mai ƙyalli, babu wadda ke aiki shugabanta bai sani ba.

Shugaban da ke yin haka yakan ce taimako yake yi. 'Ya'yan talakawa ne, iyayensu sun sayar da akuya kafin su biya kuɗin rajista, malamin lissafi bai zo ba sai a zango na biyu, yaya za a bar su su faɗi? Tausayin na gaske ne, amma a duba inda yake ƙarewa. Idan asiri ya tonu, sakamakon yaran ne ake riƙewa ko a soke, har da na wanda ya kwana yana karatu bai saci komai ba, makarantar kuma a janye mata izinin zama cibiyar jarrabawa, 'yan baya su koma neman wurin da za su zauna. Idan bai tonu ba, an ba yaro takardar da ke faɗar ƙarya a kansa, ya ɗauke ta ya shiga kwalejin horar da malamai ko makarantar koyon jinya, bayan 'yan shekaru ya dawo yana koyar da ƙannensa abin da shi ma bai sani ba, ko yana auna wa mara lafiya magani.

Batun duka ya fi wannan sarƙaƙiya, don doka ba ta rufe ƙofarsa gaba ɗaya ba. Sashe na 55 na dokar Pinal Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ya yarda malami ya hori yaron da aka damƙa masa, da sharaɗin kada horon ya kai ga mummunan rauni. Mutane sukan riƙe rabin farko su manta da sharaɗin. Karaya, ko lalacewar ido, ko fashewar dodon kunne, sun fita daga sahun horo sun shiga sahun laifin da kotu ke shari'arsa. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003, wadda jihohi suka riƙa karɓa ɗaya bayan ɗaya da gyare-gyarensu, Kano a 2023, ta hana a yi wa yaro rauni a jiki ko a zuciya, kuma tun a sashenta na farko ta ce duk matakin da ya shafi yaro, maslahar yaron ce a gaba. Ba ta ce maslahar makaranta ba. To idan abu ya kai nan, shugaban makaranta ba alƙali ba ne. A 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar da Jami'ar Maiduguri ta yi wa wasu ɗalibai bayan wata tarzoma da aka yi a jami'ar a 1983, saboda zargin da aka yi musu, ƙone-ƙone da ɓarna, laifuffuka ne na kotu, kuma wanda ya shugabanci kwamitin binciken yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa. Hukuncin ya kare ɗalibai ne daga kora ba tare da an saurare su bisa adalci ba, amma darasinsa ya kai har ofishin hedimasta: makaranta ba ta da hurumin mayar da babban laifi ya zama maganar cikin gida, ko don ta hukunta wani, ko don ta wanke shi.

Abin da aka saba yi da malamin da aka kama yana lalata da ɗaliba, ko wanda hannunsa ya yi nauyi sau da yawa, shi ne a nema masa canjin wurin aiki. Ya tattara littattafansa ya koma wata makaranta a wata ƙaramar hukuma, fayil ɗinsa fes, sababbin iyaye su miƙa masa 'ya'yansu. Alhali tun 1993 akwai hukumar rajistar malamai ta ƙasa, TRCN, mai kwamitin bincike da na ladabtarwa, mai ikon cire sunan malami daga rajista. Ba za ta binciki abin da ba a kai mata ba.

Hujja mafi ƙarfi da ake kawowa don a rufe irin wannan magana ita ce ta mutuncin yarinyar kanta. Idan magana ta je wurin 'yan sanda, gari ya ɗauka, wa zai aure ta? Iyaye da kansu sukan roƙi a bar maganar. Wannan tsoro ba na raini ba ne, duk wanda ya san yadda bakin mutane yake ba zai yi masa dariya ba. Amma abu biyu ne aka cakuɗa. Ɓoye sunan yarinya wajibi ne a kan shugaban makaranta: kada ya tsayar da ita a taron safe, kada labarinta ya zama hirar ɗakin malamai, kada ya kore ta ya bar wanda ya cuce ta yana shiga aji. Dokar 2003 ma ta ce yarinyar da ta yi ciki kafin ta gama karatu a ba ta dama ta ci gaba bayan ta haihu. Ɓoye wanda ya aikata kuwa wani abu ne dabam, domin shi bai tsaya a kan yarinya ɗaya ba. Malaman addini ma sun bambanta tsakanin zunubin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, wanda ake so a suturta, da cutar da ke hawa kan bayin Allah, wadda yin shiru a kanta taimaka wa mai cutar ne.

Hujja ta biyu ita ce rashin iko, kuma ita ma tana da gaskiyarta. A makarantar gwamnati ba shugaba ke ɗaukar malami ba, ba shi ke korar sa ba, malamin da ya kai ƙara kuma mai yiwuwa yana da ubangida a ma'aikata. A makarantar kuɗi, mai makaranta na son sakamakon da zai rataya a bakin ƙofa, shugaban da ya ƙi ya nemi wani aikin. Ga kuma maganar kuɗi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko, shida a firamare uku a ƙaramar sakandare, kyauta ne a makarantun gwamnati, wanda ya karɓi kuɗi kuma yana fuskantar tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba, ko ɗaurin wata uku, ko duka biyun. Amma hedimastan da ba a aiko masa da alli ba, rufin ajinsa iska ta yaye, me zai yi in bai nemi gudunmawar ƙungiyar iyaye da malamai ba? A nan laifin ya fi rataya a wuyan jihohin da ke barin kasonsu na kuɗin hukumar ilimin bai-ɗaya, UBEC, yana kwance a Abuja don sun kasa ajiye nasu rabin. Duk da haka, da bambanci tsakanin gudunmawar da iyaye suka amince da ita a taro, aka rubuta, aka ba da rasit, da kuɗin da ake korar yaro gida a kansa ba wanda ya san inda yake shiga.

Kuma wanda ba shi da ikon gyarawa yana da ikon faɗa. A watan Maris na 2001, ɗalibai 67 suka mutu a gobarar ɗakin kwana a makarantar sakandaren Kyanguli da ke yankin Machakos a Kenya. Ɗalibai biyu ne aka tuhuma da cinna wutar, cikin fushin soke sakamakon jarrabawa da matsin biyan bashin kuɗin makaranta, tagogin ɗakin kuwa duk da ƙarafa a jikinsu. Kafin daren gobarar an kai rahoton jin warin fetur. Kotu ta ɗaure shugaban makarantar da mataimakinsa wata takwas-takwas. Babu wanda ya ce sun taɓa ashana, laifinsu shi ne an sanar da su ba su ɗauki matakin da zai hana ba. Ga shugabannin makarantun kwana a Arewa, bayan sace ɗaliban da aka yi a Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021, wannan ba labarin nesa ba ne. Ba a sa ran firinsifal ya tare 'yan bindiga da rajistar aji. Abin da ke hannunsa shi ne katangar da ta zube, da baƙin fuskokin da mai gadi ya gani a bayan makaranta, da jita-jitar da ke yawo a kasuwa, ya rubuta su da kwanan wata ya aika wa ofishin shiyya da DPO, ya sanar da kwamitin iyaye, ya ajiye kwafi. Wasu shugabanni na gudun rubutu don kada a ce suna tona asirin ma'aikata, alhali ranar da kwamitin bincike ya zauna, wannan kwafin ne kaɗai zai tsaya musu.

A kowace makaranta akwai littafin da ƙa'ida ta ce shugaba ya riƙa rubuta muhimman abubuwan da suka faru a cikinsa, a da kuma har da na horo, inda ake sa sunan yaro da laifinsa da yawan bulalar da aka yi masa da wanda ya yi. Sufetocin makarantu na da sukan fara da waɗannan littattafai kafin su leƙa aji. A makarantu da yawa yau, in aka buɗe, ziyarar manyan baƙi da ranar raba kyaututtuka za a tarar, ranar da aka kai yaro asibiti kuwa shafinta fari ne. Kwamitin iyaye da ke zama da shugaba sau ɗaya a zango yana iya neman a kawo littafin a buɗe a gabansa.