Yadda Ake Ƙirƙirar Alama da Sautin Katun a Wayar Hannu

Ɗalibin da ya kwashe mako 2 yana zana katun a FlipaClip, ya ɗora a status, zai iya wayar gari ya ga bidiyonsa na yawo a guruf-guruf na WhatsApp ba sunansa. Wani ya yanke gefen da ya rubuta sunan, shi ke nan. Shi ya sa masu wannan sana'a suke yi wa kansu alama mai motsi da ɗan gajeren sauti, na daƙiƙa 2 ko 3, wanda da an ji shi an san mai aikin.

Manyan kamfanoni sun daɗe da gane haka. Ƙarar da wayar Nokia ta shahara da ita an ciro ta ne daga wani kiɗan jita da Francisco Tárrega, ɗan ƙasar Sifen, ya tsara a 1902. Netflix kuwa bugu biyu kawai yake yi, amma ko daga ɗaki na gaba ana gane shi.

Matsalar yawancin masu farawa ita ce samfurin da suke ɗaukowa a CapCut, wanda dubban mutane suka riga suka yi amfani da shi. Alhali ɗalibin da ke zaune a Ƙofar Gayan yana tsakiyar taskar zane. Zanen jikin tsofaffin zaurukan birnin Zazzau, da bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura a Masallacin Juma'a tun ƙarni na 19, duk kayan aiki ne. Ko ɗaliban da suka kafa Zaria Art Society a 1958, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, abin da suka dage a kai ke nan: a haɗa dabarar zamani da zanen gida.

Sai dai ba kowane zane ke rayuwa a fuskar waya ba. Dagin Arewa shi kowa ke fara ɗauka, kuma yana da kyau a jikin bango, amma layukansa sun sarƙe da yawa. In aka mayar da shi girman hoton furofayil, sannan WhatsApp ya matse bidiyon, sai ya koma kamar tabon tawada. Ƙari ga haka, ba na mutum ɗaya ba ne, yana kan rigunan kowa. Zanko, wato ƙahon nan na kusurwar soro, ya fi dacewa: layi 3 ko 4 sun isa, kuma ana iya lanƙwasa shi ya zama harafin farko na sunan mai shi. Gwajin mai sauƙi ne. A zana alamar da baƙi zalla a kan fari, a rage ta ta kai girman farcen babban yatsa. In har ana gane ta a haka, sai a sa launi. A adana ta a PNG marar bango, kuma kada a ajiye ta a ƙasan bidiyo ko gefen dama, domin nan TikTok yake jera maɓallansa.

A Hausa kalmar tambari tana nufin alama, tana kuma nufin gangar sarauta, to amma gangar ba ta yi wa waya. Lasifikar waya ƙarama ce, ba ta iya fitar da amo mai kauri, don haka bugun tambari da ke girgiza ƙirji a filin hawan sallah, a waya sai ya zama ɗan "tab". Kalangu ya fi fitowa saboda muryarsa na hawa sama. Haka ma murfin tukunya ko cokali a bakin kofin shayi. Kakaki kuma a bar wa fada kayanta.

Ɗaukar sautin da kai ya fi yanko waƙar wani, domin YouTube na da tsarin Content ID da ke gano waƙoƙi masu haƙƙin mallaka, kuma yana iya toshe bidiyon ko ya mayar da kuɗin talla ga mai waƙar. Lokacin ɗauka mafi kyau shi ne bayan Asuba, kafin 'yan acaɓa da masu adaidaita su cika titi, a ɗaki mai katifa da labule, wayar na nesa da abin da kamar taƙi ɗaya.

Haɗa motsi da sauti shi ne inda ake yawan faɗuwa. In ana aiki da zane 12 a daƙiƙa, alamar daƙiƙa 2 zane 24 ce, kuma bugun ya kamata ya sauka daidai kan zanen da alamar ta tsaya cak. Kada a amince da iyafis na Bluetooth wajen wannan, saboda yana jinkirta sauti kaɗan, sai mutum ya gyara abin da ba shi da matsala. Gara a duba tsinin zanen sautin a manhajar, a daidaita shi da ido, sannan a tura wa wani mai ƙaramar waya ya kunna a waje, cikin hayaniya.