Zauren waya: wane ne kai, ina ne iyakarka?

Kowane gidan Bahaushe yana da zaure. In baƙo ya zo, sai ya yi sallama, daga ciki a ce, "Wane ne?" In an san shi, a ce bisimilla. Amma ko an san shi, ba ko'ina zai taka ba. Abokin maigida iyakarsa zaure, ɗan gida kuwa sai ya wuce har tsakar gida. Tambaya biyu ke nan: wane ne kai, kuma ina ne iyakarka?

To, hanyar sadarwa ta waya da kwamfuta, wadda muke kira rezo, ita ma gida ce mai zaure. Da waɗannan tambayoyi biyu ake tsaron ta.

Rezo iri biyu ne. Akwai mai igiya, kamar wanda ke haɗa kwamfutocin ofis ko na banki. Mai son shiga wannan sai ya zo da ƙafarsa, ya sa igiyarsa cikin ramin da ke jikin bango. Akwai kuma marar igiya, wato na salula da wifi. Shi wannan cikin iska yake tafiya, katanga ba ta tsare shi. Wanda ke zaune gindin bishiya a waje yana iya kama shi. Shi ya sa ya fi bukatar makulli mai ƙarfi.

Mu fara da ɗan katin nan na cikin waya, wato sim. Tsarin salula mai aiki da sim ya soma aiki a ƙasar Finlan a 1991. Cikin kowane sim akwai wata lamba ɓoyayyiya. Sim ɗin ya san ta, kamfani ya san ta, amma kai mai waya ba ka ganin ta. In ka kunna waya, rezo zai aiko wa sim wata lamba ta gwaji. Sim ya haɗa ta da tasa ta ɓoye, ya yi lissafi, ya maida amsa. In amsar ta yi daidai da ta kamfani, a buɗe maka layi. Ka ga an tabbatar da shi, alhali asirin bai fita cikin iska ba. Haka Airtel da Moov da Zamani duka ke gane layukansu.

Amma fa rezo sim ya sani, bai san hannun da ke riƙe da waya ba. Don haka aka yi lambar PIN. In aka kuskure ta sau 3, sim ya kulle, sai da lambar PUK mai alƙaluma 8. In aka kuskure wannan sau 10, sim ya mutu ke nan. Ɓarawo ba ya da damar zama yana ta gwaji.

Rajistar layi ita ce ke ɗaura sim da sunan mai shi. A Nijar sai ka nuna takardar shaida kafin a yi maka rajista. Mutanen Magarya da Dungas, da yake bakin iyaka suke, da yawa suna riƙe da layin Najeriya ma. Can kuma, tun watan Disamba na 2020 gwamnati ta ce a haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Dungas ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, amma ciniki da zumunci da tsallaken iyaka suna nan yadda suke, kuma waya ce ke riƙe da su. Saboda haka kada ka sayi layin da ke da sunan wani. Ranar da ya ɓace, ba kai kamfani zai maida wa ba.

Sai wifi. Makullinsa na farko, mai suna WEP, masana sun gano rauninsa a 2001. Aka fito da WPA2 a 2004, sannan WPA3 a 2018. Mai akwatin wifi a shago ko makaranta ya zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan biyu. Kalmar sirrin ba ta gaza harufa 8, in ta fi haka tsawo ya fi kyau. Kada ta zama sunanka, ko lambar wayarka, ko 12345678. Wadda akwatin ya zo da ita daga kanti ma a canza ta. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yanzu tambaya ta biyu: ina ne iyakarka? Ɗauki misalin gidan likita mai kwamfuta. Mai karɓar kuɗi ya ga lissafin kuɗi kawai. Mai duba marar lafiya ya ga takardar ciwo. Kowa da sunansa da kalmar sirrinsa, ba a yin tarayya, don in an yi ɓarna a san wanda ya yi. Wanda ya bar aiki a rufe ƙofarsa ran nan. Baƙi kuwa a ware masu wifi nasu daban, wanda ba ya kaiwa ga takardun ofis. Zauren ke nan. Ramin igiya ma ana iya tsara shi yadda ba zai buɗe ba sai kwamfuta ta faɗi ko ita wace ce.

Ƴan'uwa, makulli komin ƙarfinsa ba ya hana wanda aka miƙa wa mabuɗi. Yau mutane suna ajiye kuɗin gyaɗa da na dabba cikin waya. Macuci zai kira ka ya ce daga kamfani yake, ko ya ce ka ci kyauta, ka karanto masa lambar da ta shigo maka yanzu. Wannan lamba ita ce mabuɗin. Ta WhatsApp alƙaluma 6 ce. Duk wanda ya same ta zai shiga da sunanka, ya roƙi danginka kuɗi. Kamfani ba ya tambayar lambar sirrinka. Nijar ta kafa dokar hukunta masu laifi ta hanyar intanet a 2019, sai dai kafin a kama mai laifi kuɗi sun yi nisa.

Ga inda karatunmu ya shigo. Wanda bai san alƙaluma ba dole ya miƙa wayarsa ga mai shago ko wani yaro, ya faɗi lambarsa a bainar jama'a. Wanda ya koyi 0 zuwa 9 kuwa, da hannunsa zai danna, ya kare da tafin hannu, kuma ya karanta saƙo kafin ya amsa.

Tambayoyi
1. Waɗanne tambayoyi biyu ake tsaron rezo da su?
2. Don me marar igiya ya fi bukatar makulli?
3. In wani ya kira ka ya nemi lambar da ta shigo wayarka, me za ka yi?