Baƙin Kalmomin Turanci a Wasan Scrabble: Mu San Ma'anarsu

Scrabble wasa ne na haɗa kalmomi wanda wani Ba'amurke mai zanen gine-gine, Alfred Butts, ya ƙirƙira a shekarun 1930, aka raɗa masa wannan suna a 1948. Ana yin sa a kan allo da 'ya'ya 100, kowane ɗan wasa yana riƙe da bakwai. Kowane harafi da makinsa: E da ta yawaita a Turanci maki ɗaya ce, J da X takwas-takwas, Q da Z goma-goma.

A nan baƙin kalmomi suke da ranarsu. A Turanci kusan kullum U ce ke bin Q, ga shi U huɗu ne kacal a wasan. Wanda Q ta maƙale a hannunsa har aka tashi, za a zaftare masa maki goma. Ƙamus ɗin Collins, wanda da shi ake yanke hukunci a gasannin Najeriya da na duniya, ya amince da kalmomin da ke fid da mutum daga wannan tarko, kuma da yawansu ba baƙi ba ne a kunnen Bahaushe. QADI alƙali ne, QIBLA alƙibla, FAQIR faƙiri, SUQ kuwa kasuwa ce a ƙasashen Larabawa. QAT ganye ne da ake taunawa a Yaman da Somaliya. Haka nan ZAKAT da HAJJ da NAIRA da KOBO duk karɓaɓɓu ne.

Masu haruffa biyu sun fi kawo riba, domin suna shiga lungun da doguwar kalma ba ta shiga. QI ita ce ƙarfin rai a tunanin mutanen Sin. ZO dabba ce ta yankin Tibet, barbarar saniya da wani sa mai dogon gashi. XU ƙaramin kuɗi ne na ƙasar Biyetnam, XI harafin Girkanci, JO masoyi a harshen mutanen Sikotilan, AA kuwa dutse ne mai kaushi da aman wuta ke bari bayan ya huce.

Wani zai ce hadda ta wadatar, tunda ba a tambayar ma'ana a gasa. Gaskiya ne Nigel Richards, ɗan ƙasar New Zealand, ya lashe gasar duniya ta Faransanci a 2015 alhali ba ya jin harshen. Amma irinsa ba su da yawa. Ga mafi yawanmu, ma'ana ce ke ɗaure kalma a ƙwaƙwalwa. Ita ce kuma ke nuna yadda za a tsawaita ta: ana yi wa QI jam'i da S, amma jam'in XU bai bambanta da tilonta ba, wanda ya ƙara mata S zai rasa zagayensa idan aka ƙalubalance shi.

Wasan ba caca ba ne, kamar yadda wasu iyaye ke zato. Najeriya ta ɗauke shi cikin wasannin da ake gasa a kansu, kuma a Nuwamban 2015 Wellington Jighere ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kofin duniya, a birnin Perth na Ostireliya. A nan gida kuwa, Lafiya gari ne na ɗalibai, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Isa Mustapha Agwai, ga makarantun sakandare barkatai. Ba mu rasa masu basira ba.

Ɗalibi ya fara da kalmomi masu haruffa biyu, waɗanda suka ɗan haura 120, yana rubuta kowace da ma'anarta a ƙaramin littafi. Ya kuma sani cewa irin su ZO na allon wasa ne, ba na takardar jarrabawa ba. Malaman Turanci su kafa ƙungiyar wasan a makarantunsu. In babu kuɗin sayen allo, kwali da alƙalami sun isa. Iyaye kuma mu tanadar wa yara ƙamus, mu tsara musu lokacin wasa yadda ba zai ci na salla da na karatu ba, kuma duk kalmar da yaro ya ajiye a allo mu tambaye shi ma'anarta.