Sabuwar fuskar kwamfuta: daga wane rumbu za a ɗebo?

Masu iya magana na cewa kwaɗayi mabuɗin wahala. Mun ga haka a gidan rediyonmu ranar da kwamfutar da muke haɗa shirye-shirye da ita ta ƙi buɗewa, ana saura minti 20 a fara labaran safe. Allo ya yi baƙi ƙirin, ga muryoyin manoman da muka naɗo suna ciki. Ashe wani matashi mai taimaka mana ne ya ga sabuwar fuskar KDE Plasma ta burge shi, ya ɗebo ta daga wani rumbun intanet da ba na hukuma ba.

Kwamfutar tamu tana aiki da Debian, ɗaya daga cikin ire-iren Linux da ake samu kyauta. Fuskar da muke nufi ita ce tagogi da maɓallai da jerin manhajojin da mutum ke gani a allo. Debian kan fitar da tsayayyen bugu kusan duk shekara 2, kuma idan ya fito ba a sake masa fuska, sai dai gyaran kurakurai da na tsaro. Debian 12 ya fito a watan Yuni na 2023 da Plasma 5.27. Plasma 6 ta fito a Fabrairun 2024, amma ba ta shiga tsayayyen bugu ba sai a Agustan 2025, cikin Debian 13. Wannan jira na shekara ɗaya da rabi shi ne ke sa wasu gajen haƙuri.

Mai son sabon abu yana da hanya biyu. Ta farko ita ce rumbun backports, wanda ya zama na hukumar Debian a watan Satumba na 2010. A nan ana ɗauko manhaja daga bugun da ake kan gwadawa, a sake gina ta yadda za ta zauna da tsayayyen, kuma ba ta shiga kwamfuta sai mutum ya kira ta da sunanta. Galibi ɗaiɗaikun manhajoji ake samu, irin su LibreOffice. Da wuya a kawo fuska ɗungurungum, domin ƙunshe take da ɗaruruwan sassa masu dogaro da juna.

Hanya ta biyu ita ce rumbunan da wani mutum ko ƴar ƙungiya ke riƙe da su. Suna da sauri, amma sukan musanya muhimman sassan da sauran manhajoji ke jingine da su, kuma duk wanda ka saka rumbunsa ka ba shi makullin kwamfutarka ke nan. A 2013 sai da Debian ta gargaɗi jama'a su cire adireshin debian-multimedia.org, bayan wa'adinsa ya ƙare ya koma hannun wani da ba a sani ba.

Mu dai ran nan labaran suka fita babu muryar manoma. Mun kwashe muryoyin daga baya, aka sake zuba Debian tun daga tushe. Shawararmu ga takwarorinmu ita ce, kwamfutar aiki ta tsaya a rumbun hukuma, gwaji kuma a yi shi a wata daban, bayan an adana kwafin komai. Mai sauraro a ƙauye ba ya ganin allonmu, murya yake jira.